Kawu Sabo yana ƙofar gari

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Sabo, yayan Mama, tela a unguwar Ammariyya ta Jidda. A waya nake buga wannan, ku yi haƙuri da Hausata. Haihuwar Jidda ce ni, Kano a hoto kawai na san ta.

Shi ma bai taɓa zuwa ba. Kakansa ne ya gudo bayan yaƙin basasar Kano, ɓangarensu aka ci, ya yi ta yin gabas har ya ƙare a nan. Amma Kawu bai taɓa yarda an ci su ba. Duk Juma'a in an gama cin shinkafa sai ya ture faranti ya ce, "To, ran nan ruwa aka kwana yi, bindigoginsu duk suka jiƙe." Halas, shi ke nan, mu muka yi nasara. Ba wanda ya gudu. Muna da gidanmu kusa da marina, da zaure, da durumi a ƙofa, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili mai tsaya wa baƙo.

Ni haushina ɗaya, ba na ciki. Nakan ce, "Kawu, sa ni mana, ko a akurkin kaji ne."

"Ke da wannan Hausar taki? Tun a ƙofar gari za a koro ki. Yalla, kawo shayi."

Sai da Baba ya rasu na gane. Da Juma'a ta zagayo Kawu ya ce wani baƙo ya iso gari, dogo, mai yawan tari, an ba shi ɗakin gabas. Mama ta tashi ta shige kicin. Na fara tuno mutanen garin nan nasa: Inna Hajara mai ƙosai, Yaya Usman da mota ta kaɗe a hanyar Khumra. Duk mu muka binne su a nan. Ba ya sa mai rai.

Mijin yayata ya taɓa ce masa wannan wasan bai dace ba. Ya ce, "Labari ne, malam. Makomarsu tana wurin Allah. Ni ɗaki kawai na ba su."

Yanzu shagonsa ya koma na sayar da waya. Yaran yayata in ka yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Da zai leƙo mu ranar Juma'a, kowa kai a sunkuye yana danne-danne, ban san ko dariya zai yi ba ko faranti zai jefe mu da shi. Labarin dai ba wanda ya ɗauka.

Kwanaki Mama tana wanke-wanke, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Yaya Sabo fa har yanzu yana wajen gari."

Tun ranar nake ganinsa. Tsaye a ƙofar gari, igiyar awo a wuya, shi da ya shigar da kowa. Wallahi ban san sunan ƙofa ko ɗaya ba, ban san ta ina ake bi a je marina ba.

Juma'ar da ta wuce na ture faranti. Na ce ruwa aka kwana yi, da gari ya waye sai ga wani tela ya iso, Baba ya fito ya karɓar masa keken ɗinki. Rabin maganar tawa ma Larabci ne. Mama ba ta shiga kicin ba, ta zauna har na gama.

Allah ya jiƙan Kawu. Shagon ya tafi, keken an sayar, garin nan ne ya bar mana.

Ƙaramin ɗan yayata ya ja min riga, da Larabci, wai shi fa, ina ɗakinsa?

Na ce, "Kai da wannan Hausar taka? Yalla, kawo shayi."