Harbin Dawowa

Jiya da la'asar na tarar da jikana Sanusi da abokansa a zauren gidan da muke haya a nan Batsari, sun baje kwanson harsashi a kan buhu suna gardama. Suna cikin samarin da ke raka manoma gona, saboda halin da ake ciki. Gardamar a kan ƙananan harsasai ce, waɗanda suke sake ɗurawa da hannu. Ɗaya ya ce dole a matse bakin kwanson, in ba haka ba jijjigar babur za ta sassauta kan harsashin. Wani ya ce ƙarami ba ya bukatar matsi, ɓata shi kawai ake yi. Da suka gan ni, Sanusi ya ce ga tsohon maharbi ya zo, shi zai raba gardama.

Na ce musu ban san irin nasu ba. Ni adaka na riƙe, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a bi da tsumma, a danna da sanda. Amma mu ma mun yi tamu gardamar, ko a danne tsumman ƙam ko a bar shi sako-sako. Suka yi dariya suka koma kan nasu. Ni kuma na shige ɗaki na zauna, Iya Tabawa ta faɗo mini a rai.

Iya Tabawa kakata ce ta wajen uba. A wani ƙauye yamma da Ruma muka tashi, wanda yau ko akuya babu a cikinsa. Mijinta maharbi ne, ya rasu tun ba a haife ni ba, adakarsa kuma tana rataye a ɗakinta, naɗe cikin fata. Da an ci tuwon dare sai ta hura wutar kara a tsakar ɗakin, ta zuba gyaɗa a kasko, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take zaunarwa a gindin ƙafarta, tana ce mini mai gidanta marowaci, wanda bai taɓa saya mata ko goro ba. Cikin waɗanda muka zauna a ɗakin nan, ni kaɗai na rage.

A ƙauyenmu akwai wata al'ada. Duk maharbin da ya fito daga daji, sai ya tsaya gindin kukar da ke bakin dajin ya harba bindigarsa sama. Dalili, ɗurin da aka danne sosai ba ya zaruwa, kuma ba a shiga da bindiga a ɗure cikin gidan da yara suke. Kowace adaka da muryarta. Mata na jin ƙara sai wata ta ce nata ne, ta miƙe ta ɗora ruwa.

Iya ba ta fara tatsuniya yadda ake farawa. Sai ta ce, “Ga baƙuwa ta iso, wa zai ba ta wuri?” Mu kuma mu ce ta zauna a tsakiyarmu. Wadda ta fi yi mana ita ce ta maharbi da uwarsa.

Wai an yi wani maharbi da ke zaune da tsohuwar uwarsa su biyu rak. Kullum in zai shiga daji sai ya danne ɗurinsa ƙam, kullum in ya fito sai ya harba a gindin kuka. Uwar ta ji ta kwashe tuwo. Namun daji ma su ji, su san ya tafi, su sauko shan ruwa. Ran nan sai kurege ya tare shi ya ce, wai shi sama me ta yi masa da yake ba ta albarushinsa kullum? Ya bar tsumman sako-sako mana, in bai samu nama ba ya zare, ya mayar da abinsa cikin ƙahon albarushi. Maharbi ya ga dabara ce, ya ɗauka.

Da yamma ya fito shiru. Uwa ta jira ƙara ba ta ji ba. Tuwo ya huce, rana ta faɗi. Sai ta ɗauki sandarta ta bi hanyar daji tana kiransa, shi kuma ya biyo ta hanyar rafi. Ya iso gida ya tarar da ƙofa a buɗe, ba kowa. Ya ɗaga bindiga zai kira ta da ita, ashe tsumman ya zame tun a hanya, albarushin ya tsiyaye. Ya ja kunama, bindiga ta yi tari kamar tsohuwar tunkiya, ko kajin gidan ba su firgita ba. Uwar kuwa ta yi ta tafiya har ta rikiɗe ta zama yautai, tsuntsun nan da ke kwanciya a tsakiyar hanya da magariba. In ka zo kusa ya tashi, ya sake sauka a gabanka.

“Kun san mi yaka yi?” in ji Iya, tana juya gyaɗa. “Fuska yaka dubawa. Kowa ya fito daji sai ya leƙa shi, ko ɗan nan nata na.”

Yayata Hansai ta taɓa tambayarta me ya sa maharbin bai bi uwarsa ba. Iya ta ce ya bi mana, har yau yana bi, amma shi mutum yake nema, ita kuwa ta riga ta zama tsuntsu. Daga nan sai ta ce baƙuwa ta kwanta, kada wanda ya tashe ta, ta kore mu mu je mu yi barci.

Da na zama saurayi aka sauko mini da adakar. Lokacin idanun Iya sun fara dushewa, kuma ni ne a ɗakin da ke jikin nata. Shekarun farko ban fasa harbin gindin kuka ba. Ta ce muryar bindigar ba ta sauya ba tun zamanin mijinta. Daga baya albarushi ya yi wuyar samu, na ga wasu maharban Runka suna barin tsumma sako-sako, suna zare shi da ƙugiya. Na kwaikwaya. Tatsuniyar tana kaina sarai, amma na ɗauke ta zancen yara.

Sai in shigo in tarar da Iya a bakin ƙofa, akushi a rufe a gefenta. Ta ce ba ta ji ni ba. In ce ai ga ni.

Wata rana na samu gada, na zarce da naman zuwa Runka ba tare da na biyo gida ba. Abokai suka riƙe ni, na kwana can. Da na dawo washegari na tarar da mutane a tsakar gidanmu. Matan Fulani masu tallar nono ne suka tsinci Iya da safe a hanyar daji, ta wuce kukar da nisa, tana zaune da sandarta, ƙafafunta duk ƙaya. Babana ya ɗaga hannu zai mare ni, ta ce ya ƙyale mata mai gidanta.

Ba wannan ne ajalinta ba, ta ƙara ganin damina bayan nan. Na koma danne ɗurina ƙam, na koma harbi a gindin kuka, har ina ƙara albarushi don ya yi ƙara. Amma duk sanda na shigo, a bakin ƙofa nake tarar da ita, tuwo a rufe. Na tambaye ta ko ba ta ji ba.

“Na jiya,” in ji ta. “Amma yanzu sai na taɓa ka nika yarda. Miƙo hannun.”

Tatsuniyar yautai kuwa ba ta sake yi wa kowa ita ba, ko da ƙannena sun roƙa.

Na daɗe ina zaton darasin a kan rowa ne. Sai da na tsufa na gane cewa albarushin nan da ake ba sama ba na maharbi ba ne tun farko, rabon mai jira ne. Yau babu wanda zai yi harbin dawowa. In aka ji ƙarar bindiga da magariba, mata ɗaukar yara suke yi su nufi inda ƙafa ta kai su. Kukar ma an ce tana nan, amma ba mai zuwa gindinta.

Da safen nan Sanusi na ɗaure bindiga a babur, na ce masa ya matse bakin kwanson ko kada ya matse, wannan tsakaninsa da abokansa. Abin da nake so, in sun fito daga gonakin, ya kira wayata ta yi ƙara ko sau ɗaya ya kashe, ba sai mun yi magana ba. Ya yi dariya ya ce ashe tsohon ya fara tsoro, kuma can ba kullum ake samun sabis ba. Ya ce zai gwada.

An kira magariba ɗazu. Na yi salla a bakin ƙofa, na zauna, wayar tana tafin hannuna. An kawo mini tuwo, na ce a rufe shi tukuna.