Kujerar Dama a Keken Maigidana

Shekarar da maigidana ya bar aikin soja muka dawo gida Zuru, ya sayi keke mai ƙafa uku, na hannu, yana ɗauko wa manoma dawa da wake daga Dabai zuwa kasuwa. Ni kuma a shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da 'ya'ya biyar, ko sunana ban iya rubutawa ba. Sau biyu a mako muke zama, ƙarfe huɗu, a ajin firamare bayan yara sun tashi. Ɗaya daga cikin ranakun nan ta faɗo a ranar kasuwa.

Da damina ta yi nisa tayar baya ta hagu ta fashe, irin fashewar da faci ba ya yi mata magani. Ya sa wata. Mai faci ya ce masa tunda ta zauna a kan ƙarfenta ai shi ke nan. Sai dai tun daga ranar keken ya karkace hagu kamar mai ɗingishi. In babu kaya a ciki, ya zo kwanar da take karyawa dama wajen gangaren dutse, sai ƙafar dama ta nemi barin ƙasa.

"Maman yara," ya ce da ni, "gobe ki raka ni. Ki zauna ta dama, nauyinki zai danne ta."

"Ashe ƙibar da kake yi wa tsiya tana da rana."

"Gobe kaɗai ne."

Ba gobe kaɗai ba ne. Kowace ranar kasuwa sai mu yi sawu uku, wani lokaci huɗu. A tafiya ina rungume da ƙarfen gefe, in an zo kwana in kwantar da jikina waje yadda ya koya mini. A dawowa ina bisa buhu. Cinyata ta dama har ta yi tabo. Matan da muke wucewa a hanya suna ɗaga murya, "Amarya da ango, a sauka lafiya!" In yi musu murmushi. Kafin mu sauke sawun ƙarshe aji ya tashi, ga tuwo yana jirana, bayana kamar an daka.

Rannan malamarmu ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Mace ce mai kunya, ƙasa take kallo.

"Mama, sau shida ke nan. Jarrabawa saura mako uku. In kika ƙara rasa rana ɗaya dole in cire sunanki, sai baɗi."

Na ce to. Amma na san kaina. In na bar bencin nan, ba ni da ƙarfin sake farawa daga fari.

Washegari ina shara na durƙusa gindin keken, sai na ga rubutu a jikin taya. Lokacin muna kan lissafi. Na kankare laka da kan tsintsiya. Ta dama: huɗu, ɗigo, sifiri biyu, sai takwas. Ta gaba ma haka. Ta hagu kuwa uku ce a farko, ɗigo, biyar da sifiri. Na sake dubawa har sau uku don kada idona ne. Na kwafe su a bayan littafina, na tafi shagon mai sayar da kayan babur, mutumin kudu ne da ya daɗe a garin.

Ya duba takardar ya yi dariya. "Madam, wannan ba na keke ba ne, na ƙaramin babur ne. Ya fi gajere, ya fi siriri, shi ya sa keke yana kwanta. Oga ya sani mana! Ranar da ya zo babu daidai, amma tun wancan wata na kawo, na aika masa. Ya ce yana zuwa."

Na dawo a hankali, ban ma bi ta kasuwa ba. Na same shi a inuwar mangwaro da rediyo a cinya. Na miƙa masa littafin.

"Baban yara, ka san tayoyin nan ba ɗaya ba ne?"

Ya daɗe yana kallo. "Ke kika rubuta?"

"Ni ce."

"Hannunki ya fara kyau."

"Ba hannuna na tambaye ka ba."

Ya rage rediyon. Can ya ce da ni da yarenmu, hanyar nan shiru take yi masa yawa in babu kowa a baya. Shekarunsa duka a soja bai taɓa shiga mota shi kaɗai ba, kullum akwai kafaɗar wani a jikin tasa.

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma gajiyata ta fi tausayin yawa.

"Na ji," na ce. "Sai dai ranar kasuwa ina da aji."

Da ranar ta zo ya tayar da keken ya bar shi yana ƙugi a ƙofar gida. Ina jin sa, na ci gaba da wanki. Ya jira iya jiransa, sannan ya cika buhu da yashi, ya ɗaure a kujerar dama, ya tafi.

Ƙarfe huɗu ina kan benci. Ban kama rabin abin da aka koyar ba, duk keken da ya wuce sai na kalli taga. Amma da aka kira sunana na amsa.

Bayan kwana uku ya canza tayar. Na zauna jarrabawa na ci, ba a sahun gaba ba. Keken ya miƙe, kwanar ta daina ba shi tsoro. Shi kuma tun daga nan sawu biyu kawai yake yi ya dawo gida, ya zauna kusa da inda nake girki.