Malam Isyaku da Ɗigon da Ruwa Ya Wanke

Da an sallame sallar asuba, Malam Isyaku mai rubuta allunan shaguna yakan rataya gwangwanin fenti a kekensa, ya kama hanya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni. Ba wanda ya aike shi. Duk allon farashin da aka rubuta da Turanci sai ya tsaya ya bi shi da yatsa: alamar naira kafin lamba, waƙafi bayan dubu, adadin kuma a rubuce da kalmomi a ƙasa. Inda ya ga kuskure, ko rubutu ya koɗe, ya gyara ya wuce abinsa.

An daɗe masu shaguna ba su san mai yin aikin ba. Su dai su tarar da ɗanyen fenti a allo, ba kowa a wurin. Hajiya Saude mai atamfa har turare ta sa aka yi mata a shago, wai mutanen ɓoye sun fara sa mata baki a ciniki. Clementina, mai kemis a Babban Giji, ita ce ta yi sammako ta kama shi da buroshi a hannu.

"Baba, ashe kai ne! Nawa zan ba ka?"

"Ba ke nake yi wa ba, 'yata," in ji shi, ko juyowa bai yi ba. "Ita nake yi wa."

Clementina ta waiwaya. Layin wayam.

Sannan ya ba ta labari. A farkon aikinsa ya rubuta wa wani kemis kuɗin allurar zazzaɓi, naira ɗari da hamsin, ya ƙara sifiri biyu na kwabo, ya raba su da ɗigo. Ruwan sama ya wanke ɗigon, farashi ya koma dubu goma sha biyar. Wata safiya ya ga wata mata da goyo, kan yaron ya langaɓe, tana karanta allon, leɓenta na motsi. Ta kwance bakin zaninta, ta duba, ta ɗaure, ta juya. Sai da ta ɓace ya ɗaga kai ya ga abin da ta karanta. Ya bi lungu-lungu, bai same ta ba.

"Har yau ban san ko yaron ya tashi ba," ya ce. "Amma duk allon da na tsaya a gabansa, tana gefena tana karantawa."

Kai ne, Malam, wanda tun ranar bai sake sa sifirin kwabo a allo ba. Kai ne ka yi shekara talatin kana gyara rubutun da ba naka ba, ko shayi ba ka karɓa.

Bana yanar ido ta rufe masa gani, ya ajiye buroshi. Clementina ta je dubiya, ta tambaye shi ko yana gane ta.

"Ke dai inuwa nake gani," ya ce. "Ita ce nake gani tar. Wa zai duba mata allunan yanzu?"

Mun gode, Malam Isyaku, Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu shaguna, gobe kafin ku buɗe ƙofa, ku tsaya a waje ku karanta allonku kamar mai goye da marar lafiya, wadda duk abin da ta mallaka yana bakin zani. Malam ba zai zo ba.