Katin da Na Naɗe Hanta da Shi

Ban taɓa yin aikin da ya wahalar da ni kamar haɗa katin nan ba. Shekara ashirin ina fawa a kasuwa wuƙata ba ta taɓa kuskure ba, sai a kan kwali.

Laifina ne, na sani. Babbar 'yata da ke aure a unguwar Gassi, tun tana lakwal, wato makarantar boko, take yin katin barka da Sallah da hannunta. Kwali ja da kore, tsuntsaye biyu baki da baki, furen ƙyallen atamfa, ga wani ƙyalƙyali mai bin mutum har cikin tuwo. Duk shekara sai ta kawo mini. Ni ba Faransanci nake karantawa ba, sai in ce madalla, in soke shi bayan sikeli.

Jajibirin wata ƙaramar Sallah ta kawo na shekarar, ta tafi. Mutane suka yi mini caa, takardar naɗe nama ta ƙare. Na miƙa hannu baya, abin da na damƙo da shi na naɗe wa wata mata hanta. Ashe 'yar ta dawo ɗaukar lemarta. Ta ga tsuntsayenta cikin jini, ta ɗauki lemarta ta juya. Sallah ta wuce ba ta zo gaisuwa ba, Juma'a uku ba ta leƙo mu ba.

Uwarta ta ce, "Malam, kai ka ɓata. Yi mata wani."

Na ce, "Da gemun nawa?"

Ta ce, "Da shi ka naɗe hantar ai."

Kwana uku ina fama. Yatsuna ba sa shiga almakashi, sai wuƙar nama na sa. Ƙaron da na jiƙa ya fi kama hannuna a kan takardar. Na zana tsuntsu, uwarta ta leƙo ta ce, "Wannan akuyar me ya same ta?" Na mai da shi rago, na yi masa ƙaho da takardar alawa mai ruwan zinariya. Kuma ko sau nawa na wanke hannu da sabulu, sai maiƙon kitse ya fito a gefe. Uku na yaga. Na huɗu na ce kalas, shi ke nan, haka za ta gan shi. Na rubuta da ajami, ki yi haƙuri, Babanki.

Washegari da safe ban buɗe tebur ba. Na shiga motar Gassi, na ɗaga katin sama da kaina don kada a matse ragon, ana ta kallona, har muka isa.