Irin Guron Inna Babba

A da, a ƙauyenmu da ke bayan Gwashi, miya aikin yini ce, wata ma aikin shekara. Daddawa kwana uku take ci kafin ta nuna, kuka sai an hau itace, kuɓewa kuwa, wadda mu nan muke kira guro, sai an shuka an jira. Yanzu ina zaune gidan haya a Gummi, kuma kafin in yi alwala in sallame an gama miya. Saratu, matar ɗana, za ta ɗora tukunya a kan risho, ta zuba mai, ta yanka albasa, ta fasa gwangwanin tumatir, ta juye na kifi har da mansa, ta ƙara ruwa da gishiri da barkono da ɗan dunƙule. Tafasa ɗaya, ta sauke.

Ni ba baƙon gwangwani ba ne. Na yi fataucin fata shekaru masu yawa. Na ci waken gwangwani a Jidda, na ci kifinsa a Abidjan, na yi cinikinsa da Larabci da Faransanci, ban taɓa jin haushi ba. Amma mutanen Jidda ba su da fadama. Mu muna da ita, tana can kwance, masu bindiga sun hana mu taka ta damina biyar ke nan. Shi ya sa nake jin haushin kowace loma ta wannan miya.

Kakata, wadda muke kira Inna Babba, tana da wani jan guro da ba a samunsa a kasuwa. Gajere ne, yauƙinsa kuwa sai ka ɗaga hannu har kafaɗa bai tsinke ba. Bayan magariba, idan an kwashe tuwo murhu bai mutu ba, takan zauna tana ɓare busassun ƙwanso, tana cuɗa irin da toka tana ɗura shi a gora. Mu jikoki mu kewaye ta. Sai ta ce, "Ga wata nan tahe gare ku." Mu ce, "Ta iso, muna nan."

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta wani mutum da matarsa da suka ba wata tsohuwar daji ruwa. Tsohuwar ta saka musu. Ta ba matar 'yar tukunya wadda in an ƙwanƙwasa sau uku sai ta cika da miya, ta ba mijin gorar iri. Matar ta daina zuwa lambu, ta daina dafa kalwa, sai ƙwanƙwasa da waƙa. Inna Babba tana kwaikwayon waƙar tana karkaɗa kafaɗa, mu kuwa har birgima muke yi. Ran nan akuya ta ture tukunyar ta fashe.

"Ku dakata, saura mijin," in ji Inna Babba. Matar ta ce ya kawo iri su shuka. Ashe shi ganin darajar gorar ya sa ya binne ta ƙarƙashin gadonsa, bai taɓa zuba ko ƙwara ɗaya a ƙasa ba. Da ya buɗe, sai gari da ƙwari.

Sai Inna Babba ta tambaye mu, "To, wa ya hi wauta?"

"Matar!" haka muke ihu kullum, don ita ce mai waƙa.

Sai ta dungure wanda ya fi kusa. "Kai, 'yan banza! Kun dai ji wadda kunka so ji."

Gorar Inna Babba ta bi ta hannun mahaifiyata, sannan ta hannun marigayiya matata, kowace damina ana shukawa ana sabunta ta. Ranar da muka gudo, na bar hatsi, na bar tumaki, amma na ɗauko ta. Na sa ta ƙasan akwatina tare da fasfo da takardun gona, na kulle. Na ce ba za a zubar da irin kakata a tsakar gidan haya ba, sai mun koma fadamarmu.

A farkon daminar bana Saratu ta kawo mini tuwo da jar miyar nan, rana ta huɗu a jere. Raina ya ɓaci. Na ture kwanon, na yi mata tatsuniyar mai tukunya a gaban 'ya'yanta, har da waƙar, na tsaya daidai inda akuya ta yi ɓarna. Na ce matan yanzu wuƙar fasa gwangwani kawai suka gada.

Ba ta ɗago kai ba. Tana durƙushe ta ce, "Baba, ku yi haƙuri. Guro ya yi tsada kasuwa, kuma na jiya ne, duk ya yi yaushi. An ce kuna da iri. In kun ba ni, ni ka shuka shi."

"Ina? Bisa siminti?"

Ta tashi ta jawo wani buhu daga bayan ɗaki. Gwangwanayen tumatir ne, manya da ƙanana, ta wanke su, ta huda gindinsu da ƙusa. Ashe tun bara take tarawa, kunya ta hana ta tambaya.

Na buɗe akwatin. Irin na nan cikin tokarsa, ko ƙwaro bai taɓa shi ba, har na yi hamdala. Ta jiƙa shi ya kwana, ta cika gwangwanaye da ƙasa da kashin awaki, ta jera su gindin katanga. Kullum da safe ina zuwa da sandata ina leƙawa. Kwana biyar, kwana goma. Ta sake jiƙa wani, na ce ta juye gorar duka. A rana ta ashirin na tona da yatsa, na tarar ƙwayoyin sun ruɓe, sun zama baƙin laka. Na aika wurin 'yan ƙauyenmu da ke Anka da Nasarawar Burkullu ko wani ya fito da shi. Babu. Su hatsi suka ɗauko.

Ina fushi da waɗanda suka raba mu da fadamarmu, kuma ba zan daina ba har in shiga kabari. Amma ba su suka kulle akwatin ba. Na kewaya ƙasashe, na iya harsuna huɗu, na yi furfura, sannan na yi abin da mutumin cikin tatsuniya ya yi, har na ɗauki rabin tatsuniyar na zagi yarinyar da ta fi ni hankali. Da na ba ta irin a damina ta farko ko ta biyu, da yanzu ana yanka shi a gidan nan.

Na kira ta na ba ta haƙuri, na kuma kira jikokina na ƙarasa musu labarin mijin. Saratu ta zuba barkono a gwangwanayen, ya fito, har ya fara fure. Miyarta ina ci yanzu, ba na ture kwano. Jan guron Inna Babba kuwa ya ƙare, kuma a cikin akwatina ya ƙare.