Yoyon Motar Auta

Ni mai facin taya ne, rumfata na manne da garejin Baba Sifana, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Tsohon nan tun yana saurayi yake ƙarƙashin mota. Matarsa ta rasu, 'ya'ya mata sun tafi gidajensu, sai ɗa namiji guda, Auta, wanda ya samu aikin ofis a can ƙarshen gari. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke. Ko waya sai Baba ya kira.

Abu ɗaya ke kawo Auta: motarsa tana yoyon ruwa ta gidan tamostat, wato ɗan kwanon nan da tiyon lagireto ke shiga inji ta cikinsa. Da ya ga allurar zafi ta hau, sai ga shi.

Ranar ka ga Baba kamar an rage masa shekaru. Ya share benci da hularsa, ya aika a kawo shayi. "Zauna, Auta, sai inji ya huce. Ba a buɗe shi da zafi." Kafin ya huce an yi hirar jikoki. Sannan Baba ya kwance noti biyu, ya yanka gasket, wato shimfiɗar da ake sawa a bakin kwanon don hana yoyo, da kwalin sabulu, ya ɗaure.

Kwalin sabulu fa! Mutumin da ke da takardar gasket ta gaske a akwatinsa. Rannan na kasa haƙuri na ce, "Haba Baba, wannan ai ko wata ba zai yi ba."

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Na sani. In na gyara ta, me zai kawo shi?"

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na koma rumfata.

Ana nan, wata rana motar ta tafasa da Auta a tsakiyar titi, da matarsa a ciki. Janyo ta aka yi. Ya fito yana huci, gareji cike da mutane, ya ce, "Baba, in aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini mana! Yoyo ɗaya ya gagare ka? Tsufa ai ba laifi ba ne, ka huta kawai."

Na miƙe da ƙarfen cire taya a hannuna, don na so in wanke yaron nan tas. Baba ya ɗaga mini hannu. Abin da ya fi taɓa shi, daga baya ya gaya mini, ba maganar ba ce. Surukarsa ce da ya gani tsaye cikin rana da tsohon ciki.

Bai ce a kawo shayi ba. Ya cire kwanon gaba ɗaya, ya kankare tsohon kwalin, ya shimfiɗa samfefa a kan gilashi ya dinga goga fuskar kwanon har ta daidaita. Ya sa sabon tamostat, ya yanka gasket na gaske, ya ɗaure notin kaɗan nan kaɗan can, don kada gefe ɗaya ya danne. Ya cika ruwa, ya tada inji, ya jira iska ta fita. Ya shimfiɗa farar takarda a ƙasa. Ko ɗigo.

"Je ka, Allah ya tsare," ya ce.

Damina ta wuce, wata ta zo, Auta bai leƙo ba. Ko da matarsa ta haihu, a waya Baba ya ji. Ni kuwa haushi ya ishe ni, na kira Auta da kaina na ce ya zo ya ga mahaifinsa. Ya ce aiki ya yi yawa, amma yana nan tafe.

Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Motar fa? Ka tambaye shi?"

Na ce, "Ya ce lafiyarta lau, ko ruwa ba ya ƙarawa."

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, alhali babu komai a hannun. Can ya ce, "Ba za ta sake yoyo ba. Da kyau na yi ta."