Bakaniken da ke dafa makunnin fanka

Kowace safiya, kafin motocin birnin Medan su fara hawan dutsen Sibolangit, Baba Jendam Tarigan ya riga ya kunna risho a bakin rumfarsa ya ɗora tukunya. Ba shayi yake dafawa ba. Makunnin fankar lagireto yake tsomawa a ruwa tare da ma'aunin zafi, ya jona shi da batir da ɗan ƙwan fitila. In ƙwan ya kama a digiri casa'in da biyu, ya mutu a tamanin da biyar, makunnin ya ci jarrabawa. In ba haka ba, sai bola. Shekara ashirin da shida ke nan.

Ni direban ƙaramar bas ne a wannan hanya. Bara na tsaya sauke fasinja gaban rumfarsa, saura mutum goma sha uku a mota, har da mai tsohon ciki da za ta gida garin Berastagi. Sai na ji an buga mini ƙofa.

"Kashe injin nan, ɗana."

"Haba Baba, jiya-jiya na sa sabon makunni!"

"To ina ƙarar fankar? Ko kunnenka ma sabo ne?"

Fasinjoji suka yi ta mita har injin ya huce. Baba ya kwance makunnin ya jefa a tukunya. Casa'in da biyu, shiru. Casa'in da biyar, shiru. Ruwa ya tafasa yana tsalle, ƙwan ko ƙyaftawa bai yi ba. Da ya bar ni na wuce, da injin ya yi zafi ya tsaya a kan hawa. Gabanmu kwana ce kan kwana, gefe guda kwazazzabo, ba wurin fakawa, ga manyan motoci na gangarowa. Mai cikin nan ta dafe kai tana salati.

A makon ya sa direbobi suka kawo nasu. Cikin sha tara da aka saya a shago ɗaya, sha ɗaya na jabu ne.

Ranar Litinin da ta wuce Baba ya ce ya ajiye aiki. Wani abokin tuƙina, Sabar Ginting, ya ce, "Baba, wa ya ɓata maka rai mu je mu same shi?"

Baba ya yi dariya. "Idona ne. Shekara biyu ke nan ban ga lamba ba. Hasken ƙwan nake iya gani kawai. Rehulina ke karanta mini ma'auni."

Muka juya muka kalli matarsa, Inna Rehulina, mai sayar mana da kofi a gefen rumfar. Ta ci gaba da goge kofunanta. Mu shida ne a wurin, ba wanda ya taɓa lura. Ashe ranar da ya tare ni ma, ba ganin motata ya yi ba, sauraronta ya yi.

Baba, kai ne mai kunnen da ya fi idonmu. Kai ne ba ka taɓa cewa "za ta kai" ba sai ka auna. Mutum nawa suka isa gida saboda kai, ba su ko san sunanka ba? Mun gode. Inna, ke ma mun gode, kuma ki yafe mana rashin lura.

Masu gareji, ku daina ɗaura kaya daga kwali kai tsaye, ku gwada tukuna. Baba ya ce duk Asabar zai zauna ya koya wa mai so, kyauta. Zuwa yau mutum biyu kawai suka riga ni ba da suna. Ni ne na uku, kuma bencin rumfarsa na ɗaukar mutum goma.